Kaset ɗin da ke cikin adaka: shawarwari kan adana muryoyi da bidiyon gida

Da wuya ka shiga tsohon gida a ƙasar Hausa ka rasa wata adaka ko kwali a ƙarƙashin gado cike da kaset-kaset. Akwai na tafsirin azumi da maigida ya ɗauka daga Rediyon Kaduna, akwai na Shata da Ɗanƙwairo, akwai bidiyon bikin babbar yaya. Akwai kuma wanda ya fi su duka taɓa zuciya, wato kaset ɗin saƙo, wanda ɗan'uwa mazaunin Makka ko Sudan ko Kumasi ya zauna ya gaida kowa da sunansa, ya ba matafiyi ya kawo. Mutanen gida suna ganin tunda an rufe adaka, komai na nan. Ba haka abin yake ba. Zaren kaset leda ce siririya da aka shafa wa garin maganaɗisu, aka riƙe shi da wani irin danƙo, kuma danshi da zafi suna cin danƙon nan a hankali. Na'urar da za ta karanta shi ma tana ƙarewa: kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera bidiyon VHS, ya daina tun 2016. Ga abin da nake ganin ya kamata kowane gida ya yi, tun da sauran masu gyaran rikoda a kasuwa.

1. A fito da su a ware, a fara da wanda ba shi da na biyu. A yi kashi uku. Na farko, abin da gidanku kaɗai ke da shi: saƙon murya, walimar saukar Alƙur'ani, suna, kamu, tarbar alhazai, hirar da wani ya yi da kaka. Na biyu, abin da aka ɗauka daga rediyo ko a wurin taro. Na uku, wanda aka saya a kasuwa. Kuɗi da lokaci su fara tafiya kan kashi na farko. Amma kada a raina sauran. Makaɗan Hausa sun yi waƙoƙi masu yawa a dandalin biki da ƙofar fada, ba a ɗakin ɗaukar murya ba, don haka kaset ɗin da baba ya ɗauka ranar da Mamman Shata ya yi wasa a garinku yana iya zama shi kaɗai ya rage tun bayan rasuwar mawaƙin a 1999. Haka finafinan Kano na farko-farko, tun daga Turmin Danya na 1990, a kan kaset ɗin bidiyo suka fito, da yawansu kuma ba ka samunsu a kasuwa yau.

2. Kada ɗoki ya sa a jefa kaset cikin rikoda kai tsaye. Nan ne aka fi yin asara. Na taɓa ganin kaset ɗin muryar wata dattijuwa ya naɗe cikin rikodar da ta shekara goma ba a kunna ba, muna ji muna gani zaren ya tsinke ya cukurkuɗe, ɗakin ya yi tsit. Kafin komai, a ɓalle ɗan harshen robar da ke saman kaset ɗin murya, ko wanda ke gefen kaset ɗin bidiyo, domin ko wani ya danna jan maɓalli bisa kuskure ba zai goge abin da ke ciki ba. A leƙa ta tagar kaset ɗin. In an ga fari-fari kamar toka ko saƙar gizo a kan zaren, fumfuna ce: a ware shi a leda shi kaɗai, kada a hura masa baki, kada a kunna shi, domin zai shafa wa na'urar, ita kuma ta shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. In lafiya yake, a zura biro a juya shi a hankali a ji ko yana tafiya ba tirjiya. Rikodar kuwa a goge kanta da auduga da ɗan sifirit, a kai wa mai gyara ya duba bel, sannan a gwada ta da kaset ɗin da ba a damu da shi ba. Idan ana cikin sauraro aka ji ƙara kamar kukan ɓera, ko murya ta fara ja, a kashe nan take. Zaren da ya tsinke kuma kada a liƙa shi da jan farce ko salatif kamar yadda muka saba, danƙonsu yana malala ya manne zagayen da ke kusa.

3. Wurin ajiya ya zama mai sanyi, busasshe, ba a ƙasa ba. Saman sif dab da rufin kwano tanda ce a watan bazara. Ƙarƙashin gado kuma nan ruwa ke fara shiga da damina, nan gara ke bi. A nemi kanta a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da bangon da ke tsattsafo, nesa da kicin. A jera kaset a tsaye kamar littattafai, kowanne cikin gidansa saboda ƙurar hunturu. Kada a ɗora su kan sifika, domin akwai maganaɗisu a cikinta. 'Yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, a tara su a zuba cikin akwatin. Mai faifan garmaho shi ma ya jera a tsaye, kuma kada sifirit ya kusanci tsofaffin nan masu nauyi, narkar da fuskarsu yake yi.

4. A kwafe, kuma a kwafe da kyau sau ɗaya. Kara waya a bakin sifika ya fi babu, amma za ta kwashi kukan zakara da ƙarar janareta, ta bar rabin zaƙin muryar. Hanyar da ta fi ita ce a haɗa waya mai kai biyu daga ramin iyafis na rikoda zuwa kwamfuta, a ɗauka da manhajar Audacity, wadda kyauta ce. A adana uwar kwafin a tsarin WAV, wanda awa ɗaya ke cin sama da megabait 600, sannan a fitar da MP3 mara nauyi don rabawa dangi. Aikin ba ya gajartuwa: kaset mai minti 90 sai an zauna masa minti 90, don haka a tanadi batir ko wutar sola, kada ɗaukewar wuta ta katse shi a tsakiya. Bidiyo yana buƙatar wata 'yar na'ura da ke haɗa shi da kwamfuta, masu ɗaukar hoton biki da yawa suna da ita. Kada a yarda mai kwafa ya yanke gaisuwa, ko tari, ko surutun yara a bayan fage wai don ya gyara. Sau da yawa a cikin surutun nan ne ake tsintar muryar wanda ba shi da rai yanzu. Bayan an gama, asalin kaset ɗin ya koma akwatinsa, ba a yar da shi.

5. A san hannun da ake ba wa. Bidiyon kamu da na wankan amarya an ɗauke su ne cikin gida, mata suna sake, ba mayafi, suna rawa tsakaninsu. Wasunsu yau kakanni ne, wasu sun rasu. Wannan amana ce. In da hali, a kira mai kwafa gida, ko wani daga cikin iyali ya zauna tare da shi har ya gama, ya ga an goge ragowar daga kwamfutarsa. Kuma kafin a ɗora komai a Facebook ko TikTok, a nemi yardar waɗanda ke ciki ko 'ya'yansu.

6. Kwafi ɗaya ba kwafi ba ne. Faifan CD da aka ƙona a shago, wani sinadari ne mai launi ke riƙe da bayanansa, rana tana kashe shi, ƙarzuwa a bayansa inda ake rubutu ta fi ta gabansa illa. Memori da filashi kuwa ba sa sallama in za su mutu. A yi kwafi uku: ɗaya a kwamfuta ko ma'ajiyar hard disk ta gida, ɗaya a gidan ɗan'uwa a wata unguwa ko wani gari saboda gobara da ambaliya, ɗaya a intanet. Google na ba da gigabait 15 kyauta, amma yana iya rufe asusun da aka shekara biyu ba a taɓa ba, don haka mutum biyu su san lambar sirrin. A sa wa aikin rana, misali duk bayan ƙaramar salla a buɗe kwafin a tabbatar yana aiki, duk bayan 'yan shekaru kuma a mayar da shi kan sabuwar ma'ajiya.

7. A zaunar da manya su faɗi sunaye. Bidiyon da ba a san su wa ke ciki ba, nan da shekara talatin taron baƙi ne kawai. A kunna wa Hajiya ko Baffa, a riƙe littafi da biro, a tambaya: "Inna, wace ce wannan mai shuɗin gyale? Bikin wa ake yi? A wane gida? Kafin rasuwar Malam ne ko bayanta?" A rubuta, a sa wa kowane kaset lamba, a ba kwafinsa wannan lambar da suna mai ma'ana, da shekara in an tuna. A kunna rikodar waya yayin zaman, domin abin da za su riƙa faɗa suna kallo, na asalin dangi da yadda aka taso daga wane gari zuwa wane, sau da yawa ya fi bidiyon kansa daraja.

8. Saƙon murya na WhatsApp shi ne kaset ɗin yau, kuma ya fi kaset saurin ɓata. Waya ta faɗa ruwa ko an sace ta, shi ke nan. Saƙon mahaifiya da addu'ar mahaifi, a fitar da su daga manhajar a haɗa su da sauran kwafin. In za a tura bidiyo ga dangi, a tura shi a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoton ta rage masa kyau.

9. Abin da ya fi ƙarfin gida, a kai shi inda aikinsu ke nan. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗaukar ya ɓata. A 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, aka gyara shi tare da cibiyar Arsenal ta Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Hukumar tana da ma'adanar fim da bidiyo da sauti a Jos. Akwai kuma Arewa House a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar CELHTO a Yamai mai tattara tarihin baka. Duk wanda ya gaji naɗin fim irin na majigi, musamman in ya fara wari mai tsami-tsami, ko tarin kaset na wani malami ko makaɗi, ya tuntuɓi irin waɗannan wurare maimakon ya gwada gyara da kansa. Kafin a miƙa, a ƙidaya abin da aka kai, a rubuta a takarda ko aro ne ko kyauta, da wanda aka yarda ya saurara, kowane ɓangare ya sa hannu, kuma a sa sharaɗin cewa za a ba iyali nasu kwafin.