Ɗaukar hoton gizagizai: darasi ga manoma da makiyaya

Idan watan Mayu ya kama, idon kowane manomi yana gabas. Tsofaffi sukan dubi sama su ce: wannan hadarin na ruwa ne, wancan kuwa holoƙo ne, iska da ƙura kaɗai ya ɗauko. Sau da yawa maganarsu takan tabbata. Amma wannan sani a ka yake, ranar da mai shi ya kwanta dama da shi zai tafi. A yau da wuya a sami ƙauyen da babu wayar salula mai ɗaukar hoto. Saboda haka, ya ku ƴan uwa masu karatu, darasinmu na wannan karo shi ne yadda za mu ɗauki hoton gizagizan da ba a saba gani ba, mu adana, su zama abin karatu ga gari duka.

Kada wani ya ce wannan aikin marasa abin yi ne. Masana yanayi da kansu da hotuna suke aiki. Suna da wani babban littafi na gizagizai wanda aka fara bugawa a 1896, kuma sun kasa gizagizai manyan gidaje 10. A 2017 Hukumar Yanayi ta Duniya ta sabunta littafin, ta shigar da wata siffar girgije mai suna asperitas, wadda ƙarƙashinta ke kama da igiyar ruwa idan kogi ya harzuƙa. Mutane irinmu ne suka yi ta ɗaukar hotonta suna aika wa wata ƙungiyar masu sha'awar gizagizai a Ingila, har masana suka yarda suka ba ta suna.

Mu a nan Nijar, mafi yawan ruwan damana manyan hadura ne suke kawo shi, waɗanda ke tasowa daga gabas su nufi yamma a jere, kamar rundunar yaƙi. Idan irin wannan hadari yana nesa, za ka ga kansa ya baje kamar uwar maƙera. Tsayinsa yakan kai kilomita 15, wani lokaci ya zarce. Idan ya matso, a gabansa akan ga wani baƙin girgije mai tsawo, ƙasa-ƙasa, kamar an shimfiɗa katanga a kwance daga kudu zuwa arewa. Dalilinsa shi ne iska mai sanyi da ke saukowa tare da ruwa takan bazu a ƙasa, ta cusa kai ƙarƙashin iska mai ɗumi ta ɗaga ta, sai laimar da ke ciki ta zama girgije. Wannan katanga ba ta daɗewa. Wanda ya gan ta ya sani iska mai ƙarfi tana tafe cikin ƴan mintuna.

A farkon damana, da yake ƙasa a bushe take, iskar nan takan kwashi rairayi ta tayar da bango ja na ƙura. Mutanen Yamai ba su manta da ranar 4 ga Mayu 2020 ba, sa'ad da irin wannan bango ya rufe birnin da rana tsaka, sama ta yi ja wur. Hotunan da mutanen gari suka ɗauka a ranar sun zagaya duniya.

Akwai wani kuma da ya kamata manomi ya san shi fiye da sauran. Wani lokaci za ka hangi ruwa yana zubowa daga girgije kamar gezar doki, amma gezar ba ta taɓa ƙasa ba, a sarari ta tsaya. Ruwa ne na gaske, sai dai iskar da ke ƙarƙashinsa ta yi zafi ta bushe, har ta shanye shi kafin ya iso. Masana suna ce masa virga. In ya yi ƙoƙari, yayyafi ne zai jiƙa bayan ƙasa. A nan ne mai gaggawa yake asarar iri: ya ga hadari, ya ji ƙamshin ƙasa, ya fita shuka, hatsi ya tsiro sannan ya ƙone. Malaman gona sukan ba da shawara a jira ruwan da ya kai wajen milimita 20, kuma a tona a ga inda laima ta kai. Hoton wannan geza, idan aka nuna wa samari sau ɗaya, ya fi dogon bayani.

Bayan hadari ya wuce, musamman da la'asar sakaliya, a ɗaga kai. Akan yi sa'a a ga ƙarƙashin girgije ya yi ƙulli-ƙulli yana reto kamar hantsar saniya. Sunansa mammatus, daga kalmar Latin mai nufin mama. Ba ya cutarwa, alama ce dai ta hadari mai ƙarfi a kusa. A ganina babu girgijen da ya kai shi kyau idan jar rana ta haske shi. Shi kuwa zoben da kan kewaye rana ko wata, wanda ake cewa sun yi sansani, ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara ne a cikin siririn gajimare can sama suke karkatar da haske. Ba shelar mutuwa ba ne, ba kuma alkawarin ruwa ba.

To, yaya ake ɗaukar hoton? Da farko a goge idon wayar da tsumma mai laushi, don ƙura da maiƙon hannu su ne suke sa hoto ya yi dishi-dishi. A riƙe wayar a kwance da hannu biyu. A bar ƙasa kaɗan a gindin hoton, sauran duk sama. Lalle a sa wani abu sananne a ciki, ko rumbu, ko gawo, ko hasumiyar masallaci, don mai kallo ya gane girman girgijen da kuma inda aka tsaya. In sama ta fito fari fat, a taɓa fuskar wayar daidai wurin da girgijen ya fi haske, sai siffarsa ta fito. Kada a jawo hoton da yatsu, ɓata shi yake yi. Daga wuri ɗaya a ɗauki uku ko huɗu, ana barin mintuna tsakani, don a ga yadda girgijen ke sauyawa da inda ya dosa. Wajen zoben rana, a tsaya inda rufin ɗaki ko reshen itace zai kare ita ranar. Kada a kalle ta da ido ko kaɗan, tana ƙona ganin mutum, kuma wannan ƙuna ba kullum take warkewa ba.

Hoto shi kaɗai bai isa ba, kuma a nan ne karatunmu zai yi rana. A sami littafi guda a cibiyar yaƙi da jahilci. Duk wanda ya ɗauki hoto ya rubuta kwanan wata, da lokaci, da sashen da girgijen ya fito, sannan abin da ya biyo baya: ruwa, ko iska, ko ƙanƙara, ko babu kome. In garin yana da ma'aunin ruwa, a rubuta milimita nawa aka samu. Wanda bai kawo ruwa ba ma a rubuta shi, don mutum yakan tuna ranar da ya canka daidai ya manta ranar da ya kuskure. Bayan damana biyu ko uku, a zauna da tsofaffi a gwada hotunan da abin da suka sani, a kuma gwada da sanarwar ma'aikatar yanayi da ake ji a rediyo.

Saura maganar lafiya, kuma ita ce gaba da kome. Tsawa takan faɗi nesa da inda ruwa ke zuba. Idan ka ga walƙiya, ka fara ƙidaya har ka ji ƙara. Kowane sakan 3 kilomita ɗaya ne. In ba ka kai 30 ba, hadarin bai fi kilomita 10 ba: mai da waya aljihu ka shiga ɗaki, kada ka fito sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba. Kada a hau soro ko tudu don neman hoto mai kyau. Kada a fake gindin itace guda a fili, a can makiyaya da dabbobinsu sukan halaka. Wayar salula ba ta jawo tsawa, tsayuwa a fili ita ce hatsarin, sai kuma taɓa wayar da ke jone da lantarki tana caji.

Idan bangon ƙura ne, a ɗauke shi tun yana nesa. Da ya matso a rufe hanci da baki da rawani ko jiƙaƙƙen ƙyalle, a sa wayar a leda, a shigar da yara da tsofaffi da masu ciwon asma cikin ɗaki, a rufe randunan ruwa da abinci.

In kuwa, Allah ya kiyaye, tsawa ta faɗa wa mutum, kada a ji tsoron taɓa shi. Babu wutar da ta rage a jikinsa. A janye shi zuwa wurin fakewa, a duba numfashinsa. In ba ya numfashi, wanda ya koyi danna ƙirji ya fara nan take, wani kuma ya nemo abin hawa. Ko da ya farfaɗo ya ce ba ya jin kome, a kai shi asibiti a ranar.