Darasi: A fara tambayarmu kafin a kawo mana tsarin waya

'Yan'uwa mata, wannan darasin daga kuskurena ya fito, don haka zan faɗe shi yadda ya faru.

A farkon 2023, lokacin da aka sauya takardun naira, kuɗi suka yi wuyar samu a hannu, ƙungiyar adashinmu ta Baturiya ta shiga matsi. Mace ta sayar da tabarma ko bandar kifi, amma mai saye ya ce sai dai tiransifa. Ranar zubi ta zo, akwati babu abin sakawa. Sai na zo da abin da nake ganin shi ne magani: kowace mace ta riƙa tura hannun jarinta ta waya, a daina wahalar akwati da kwaɗo uku. Na yi bayani kusan awa guda, na nuna lambobin da ake dannawa, kowa ta ce "to, Malama". Na koma Haɗejia ina murna.

Mako uku suka wuce, mutum biyu kacal suka tura.

A zama na huɗu ban buɗe littafi ba. Na zauna a tabarma na ce a gaya mini gaskiya. Aka yi shiru, sai wata dattijuwa da duk muke ce wa Inna ta ce, "'Yata, kin tambaye mu wa ke da waya. Ba ki tambaye mu a hannun wa take kwana ba."

Daga nan bakuna suka buɗe. Da yawa wayar ta maigida ce ko ta ɗa, shi ke fita da ita gona ko kamun kifi. Wasu wayar tasu ce, amma layin da lambar NIN ta wani aka yi masa rajista, tun da aka tilasta haɗa layi da NIN a ƙarshen 2020. Wata ta ce duk kuɗin da ya shiga, saƙon a idon maigida yake fara sauka, alhali wannan ɗan abin da take tarawa na kayan ɗakin 'yarta ne, kuma ba ta son a ranta shi a sayi taki. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Akwati yana rufa wa mace asiri, ni kuma na zo zan buɗe shi ban sani ba.

Akwai kuma caji, wanda sai an biya. Akwai sabis da ke ɗaukewa. Akwai ladan mai POS, wanda a lokacin ya yi tsada ƙwarai, ga shi zubin namu ƙanana ne. Saƙon banki kuma da Turanci yake zuwa, mafi yawanmu kuwa allo muka yi.

Sai na yi tambayar da ya kamata in fara da ita: "To mene ne ya fi damunku game da kuɗin ƙungiya?" Ba wadda ta ambaci zubi. Duk ruwa suka ambata. Kun san yadda garinmu yake, a tsakiyar fadamar Kogin Haɗejia, ga kachalla da ke toshe hanyoyin ruwa har ya koma inda ba a zata ba. A ambaliyar 2022 ma'ajiyarmu ta kwana da akwatin a kanta, littafin lissafi ya jiƙe, shafuka suka manne, har aka yi saɓani kan bashin mutum biyu. Tsoronsu ke nan: kuɗi masu yawa a ɗakin ƙasa cikin watan Agusta da Satumba, da littafi guda ɗaya tilo.

Abin da muka tsayar tare ya fi nawa ƙanƙanta, amma ya zauna. Zubi yana nan a hannu, a gaban kowa, da hatimi a ɗan littafin kowace mace. Bayan kowane zama, magatakarda tana ɗaukar hoton shafin ranar da waya ta tura wa mutum biyu, ko littafi ya lalace lissafi na nan. Idan damina ta yi nisa, abin da ya rage bayan an ba da rance ana kai shi asusun ƙungiya, wanda ba a cire komai daga ciki sai da sa hannun mutum uku, kamar dai makullan akwati. Saƙon asusun kuma a bainar jama'a ake karanta shi.

Kada ku ɗauka wannan sabon abu ne. Tsarin akwatin nan da muke bi, a yankin Maraɗi ta Nijar ya fara a 1991, da sunan Mata Masu Dubara, tare da ƙungiyar CARE. A kan adashin da mata suka riga suka sani aka gina shi, shi ya sa ya bazu har ƙasashe da dama. Ita ma waya tana da amfani, ban ce a guje ta ba. Wasu cikinmu yanzu ta nan masu sayen tabarma ke biyansu.

Duk wanda ya zo muku da wani tsari na waya, ko daga banki, ko kamfani, ko mu kanmu, ku ba shi wurin zama, sannan ku tambaye shi: Wace matsala tamu wannan zai warware? Nawa ake cirewa a kowace turawa da kowace cira? Wa zai ga saƙon? In waya ta ɓace ko ta faɗa ruwa, ina kuɗin? In an samu kuskure, wa za mu je wa, kuma a wane gari yake? In ya ce ku ba shi lambar sirrinku, maganar ta ƙare a nan.

Aikin zama mai zuwa: ku rabu uku-uku, kowace ta faɗi abu ɗaya da ya fi ba ta wahala wajen ajiya ko karɓar kuɗi. Magatakarda ta rubuta, ba tare da sa suna ba, ta kawo takardar ranar zubi.