Idan Likita Ya Ce Za A Cike Gurbin Ƙashi

Hatsarin tarakta a gonakin riɗi na Gadarif a Sudan, ko raunin harsashi tun ɓarkewar yaƙi a 2023, kan bar karayar da wani yanki na ƙashi ya ruguje gaba ɗaya. Irin wannan ta fi ƙarfin mai ɗori, komai gwanintarsa. A nufi asibiti, a ɗauki hoto.

Can likita zai iya cewa sai an cike gurbin. Har yau ba abin da ya kai ƙashin mutum kansa, wanda ake ɗebowa daga ƙugu, domin yana ɗauke da rayayyun ƙwayoyin halitta. Sai dai ɗibarsa wani yankan ne, ga zafi. Shi ya sa ake amfani da ƙashin haɗi, wanda akan yi da sinadarin kalsiyam. Ba shi da rai. Matakala ce kawai da jijiyoyin jini da sabon ƙashi ke bi su haye. Ƙashin haɗi mai salfet yakan narke cikin makonni, mai fosfet kuwa yana iya kai watanni ko shekaru.

To, ku tambayi likita wanne zai sa, kuma me ya sa. Ku tambaya ko akwai ruɓa a raunin, don dole a share ta tukuna. Ƙashin haɗi ba ya ɗaukar nauyi shi kaɗai, sai da ƙarfen da ke riƙe karayar, saboda haka kada a taka ƙafa kafin a ba da izini.

Mai shan sigari ko tabar tumbak ya ajiye, suna jinkirta ɗinkewar ƙashi. Mai ciwon suga ya faɗa tun kafin a shiga tiyata.