Miji da Mata a Kan Doguwar Hanya

Karatu: Ayyukan Manzanni 18:1-4, 18-26, Romawa 16:3-5

Ɗan'uwana mai karatu, idan ka taɓa zama a New Bell cikin birnin Duwala, ka san kusan kowa a wurin baƙo ne, ko kuwa jikan baƙo. Tun asali haka unguwar take. Jamusawa ne suka shata ta sa'ad da suka ƙudura su tashi mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda da ƙwacen, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. A zamanin Faransawa kuma New Bell ta zama masaukin baƙi: Hausawa fatake, Bamileke, Basa da sauransu. Bayan layin dogo ya kai Ngaundere a 1974, hanyar sauka daga arewa ta ƙara sauƙi. Wani ya zo da matarsa. Wani ya bar ta a gida da alkawarin zai dawo da damina, ga shi damina bakwai ta wuce.

Darasinmu na yau a kan wannan yake: me doguwar tafiya take koya wa miji da mata? Za mu dubi gidaje biyu, ɗaya daga Littafi Mai Tsarki, ɗaya daga tarihin Duwala.

Gida na fari: Akila da Bilkisu

Akila Bayahude ne, mutumin Fantas. Yana zaune a Roma da matarsa Bilkisu sai Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga birnin, wajen shekara ta 49. Suka ƙaura zuwa Koranti, inda Manzo Bulus ya sauka a gidansu, gama sana'arsu ɗaya ce, ɗinkin tanti. Daga nan suka haye teku tare da shi zuwa Afisa. Daga baya muka same su a Roma kuma, masu bi suna taruwa a gidansu. Sau shida aka ambace su cikin Sabon Alkawari, ba a kuwa taɓa kiran sunan ɗaya ba tare da ɗayan ba.

Gida na biyu: Alfred da Helen Saker

Alfred Saker mutumin Ingila ne, an haife shi a 1814, ya kuma ƙware a aikin injuna da zanensu. A 1843 shi da matarsa Helen suka bar ƙasarsu a ƙarƙashin mishan na Baptist. Jirginsu ya fara nufar yamma, ya ratsa Tekun Atlantika zuwa Jamaika. A can aka ɗauki masu bi baƙaƙen fata waɗanda ba su daɗe da fita daga bauta ba, suna marmarin kai bishara ƙasar kakanninsu. Jirgin ya sake ratsa tekun, ya iso tsibirin Fernando Po, wanda yau ake kira Bioko, a watan Fabrairu 1844. A 1845 suka zauna a bakin kogin Wuri, a garin Sarki Akwa. A 1858, da hukumar Sifen ta hana su yin sujada a fili a tsibirin, Saker ya kai jama'ar gaɓar teku, ya kafa garin Victoria, wato Limbe ta yau. Bai bar aikin ba sai a 1876, ya rasu a Landan a 1880. Tafiyar da suka fara ta ci shekara talatin da uku.

Bari mu ga abin da za mu koya.

1. Ku tashi da shawara ɗaya

Akila da Bilkisu ba su zaɓi barin Roma ba, korarsu aka yi. Iyalin Saker kuwa da kansu suka zaɓa. Amma a duka biyun, miji da mata ne suka ɗauki kayan tare. Zazzaɓi ya sha kayar da Saker da matarsa, sun binne 'ya'ya, sau da dama rashin lafiya ya tilasta musu komawa Ingila jinya. Ka yi tunani, da jan Helen aka yi ba da son ranta ba, me za ta ce wa mijinta a bakin kabari?

Maigida, sa'ad da ka yanke shawarar tafiya kudu neman abinci, ka zauna da matarka kun tattauna? Ko dai labari kawai ta ji daren tafiya? Shawarar da mutum ɗaya ya yanke, ranar wahala takan koma gori. Wadda biyu suka yanke, ranar wahala takan zama abin dogara. Idan kuwa dole ɗaya ya yi gaba, ku sa wa rabuwar iyaka, ku kuma cika alkawari. Kuɗin da ake aikawa ta waya suna sayen hatsi, amma ba sa zama da yaro mai zazzaɓi da tsakar dare.

2. Ku tafi da sana'a a hannu

Abin da ya ciyar da Akila da Bilkisu a birane uku shi ne allura da fata. Ba su zama kaya a wuyan kowa ba, har suka iya saukar da manzo. Saker ma bai tsaya ga wa'azi kaɗai ba. Ya koya wa samarin Duwala yin tubali, da aikin kafinta, da aikin buga littattafai. Wannan darasi ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Mahauci, da tela, da mai sayar da goro, da mai gasa tsire a bakin titi, duk da sana'a suka sami wurin zama a New Bell. Abin da akan manta shi ne uwargida. Nassi ya nuna sana'ar tantin ta su biyu ce. Matar da aka kawo baƙuwar ƙasa ba ta da abin yi, ba ta riƙe ko sisi, idan ciwo ko mutuwa ta sami mijinta, ina za ta sa kanta da yara?

3. Ku koyi harshen masu gari

Saker ya zauna yana sauraron mutanen Duwala, yana rubuta kalmominsu ɗaya bayan ɗaya. Ya gama fassara Sabon Alkawari a 1862, dukan Littafi Mai Tsarki kuma a 1872, shekara ashirin da bakwai bayan zuwansa. Mutum ba ya ba da rabin ransa ga harshen mutanen da ya raina.

Kai fa? Yana yiwuwa mutum ya shekara ashirin a unguwar Hausawa bai san yadda maƙwabcinsa yake gaisuwa ba. Sau da yawa maigida yakan tsinci Faransanci ko Turancin buroka a kasuwa, uwargida kuwa tana cikin gida, ko asibiti ba ta iya zuwa sai da tafinta. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Gaskiya ne, amma sai ga wanda ya buɗe kunnensa. Ku koya tare, ko da kalma biyar ce a mako.

4. Ku bar ƙofa a buɗe

Baƙo yakan ce, “Bari sai na gina nawa tukuna, sa'an nan in karɓi mutane.” Akila da Bilkisu ba su jira ba. A Afisa suka ji wani mai iya magana, Afolos, yana koyarwa, amma saninsa bai cika ba. Ba su kunyata shi a gaban jama'a ba. Suka jawo shi gefe, su biyu, suka ƙara fahimtar da shi. Bulus kuma ya shaida cewa sun sa ransu cikin hatsari dominsa. Ɗakin haya ɗaya ya isa a ba sabon zuwa ruwa da tabarma. Ka tuna ranar da ka sauka a tasha ba ka san kowa ba.

5. Tafiya ba ta canza hali

Kada mu ɓoye wannan. Wasu abokan aikin Saker sun kai ƙararsa cewa yana da zafin rai, yana tsananta wa waɗanda suke ƙarƙashinsa, har sakataren mishan ɗin ya zo daga Landan a 1869 ya bincika. An bar shi ya ci gaba da aikinsa, amma labarin gargaɗi ne gare mu. Mutumin da ya ratsa teku sau biyu domin bishara bai tsere wa halinsa ba. Mai faɗa a Garwa mai faɗa ne a Duwala. Idan akwai rashin gafara tsakaninku, ba jirgin da zai bar shi a tasha. A baƙuwar ƙasa ma ya fi zafi, gama babu iyaye kusa da za su sulhunta ku. Saboda haka ku nemi dattawan ikkilisiya tun wuri, ku koyi cewa “na yi laifi” kafin rana ta faɗi.

Akwai wani abu kuma. Makarantu suna ɗauke da sunan Saker a Duwala da Limbe, amma kaɗan ne suka san sunan Helen. Maigida, idan kana ba da labarin yadda ka sha wuya har ka kafu, kana ambaton wadda ta sha ta tare da kai?

Tambayoyi domin nazari

1. Wace babbar shawara ce aka yanke a gidanku ba tare da an ji ta bakin ɗayan ba? Yaya za ku gyara?
2. Idan maigida ya kwanta ciwo wata uku, da me gidan zai rayu?
3. Wane baƙo ne a unguwarku za ku gayyata cin abinci a wannan mako?

Addu'a

Ya Ubangiji, kai ne mai kiyaye baƙi da matafiya. Ka haɗa zukatan ma'aurata da suke nesa da gida. Ka tuna da matan da suke jiran mazajensu, ka ba mazajen zuciyar cika alkawari. Ka sa gidajenmu su zama masauki ga waɗansu. A cikin sunan Yesu. Amin.