Amsoshin Tambayoyinku: Yaya ake auna zaiba a jikin mutum da cikin ruwa?

Tambaya: Ƙanena yana aikin zinariya a wajen Anka, shi ke ƙona dunƙulen zaiba don a fitar da zinariyar. Kwanan nan hannunsa yana rawa. Na ji an ce akwai gwajin da ke nuna yawan zaiba a jiki, har da ruwan rijiya. Yaya ake yin sa? Daga wata mai karatu a Zamfara.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba ƙanenki lafiya. Gwajin yana nan, kuma da haske ake yin sa.

Kowane sinadari yana da irin hasken da yake sha. Zaiba tana shan wani haske da ido ba ya gani, mai zangon nanomita 253.7. Ki duba shayi a kofin gilashi: iya kaurinsa, iya yadda yake tare haske. Aikin na'urar da ake kira sifekturofotomita ke nan, ta auna hasken da ya shiga da wanda ya fita.

Sai dai zaibar da ke cikin fitsari ko jini ko naman kifi a manne take da wasu abubuwa. Don haka akan fara dafa samfurin da asid da wani sinadari mai launin shunayya, famanganet, har ta saku. Daga nan a zuba sinadarin kuza, wanda ke mayar da ita ainihin ƙarfenta. Da yake zaiba tana tashi tururi ko babu wuta, sai a hura iska cikin kwalbar, iskar ta kwashi tururin zuwa wani siririn bututu da fitila ke haskawa. Abin da hasken ya ragu, a gwada shi da na ruwan da aka riga aka san yawan zaibarsa. Hatch da Ott ne suka bayyana wannan hanya a 1968. Akwai tsohuwar hanya ta sinadarin ditizon, kore ne, in ya haɗu da zaiba ya koma ruwan lemo, amma ba ta kama ƙanƙanin adadi, kuma jan ƙarfe yana rikita ta.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne wane samfuri za a kai. Ƙanenki tururi yake shaƙa, saboda haka fitsarinsa ya fi dacewa a auna. Gashi kuwa ya fi nuna zaibar da ta shiga ta cin kifi, irin wadda ta nakasa mutanen Minamata a Japan, inda aka gano cutar a 1956. In an auna gashinsa kaɗai, ana iya ba ku sakamakon da zai ruɗe ku.

Ruwan rijiya kuma kada ki ɗebo shi a tsohuwar gora. Zaiba tana mannewa a jikin roba, tana kuma gudu. Ki karɓi kwalba daga ɗakin gwajin, su za su sa mata asid. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce maikurogiram 6 a lita.

Kafin sakamako ya fito, ya dakatar da ƙonawar, musamman a cikin gida kusa da yara da masu ciki, ya ga likita. Ku roƙi a auna dalma a jininsa ma, domin ita ce ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, kuma gwajinta daban ne.