Kalgo a Kudancin Kano: Suna Ɗaya, Tsiro Biyu

Wannan maƙala ta dubi matsayin kalgo, wanda wasu ke kira kargo, a rayuwar mazauna Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, tare da jawo hankalin manazarta ga wata matsala da ke tattare da sunansa.

Tun a 1916 J. M. Dalziel ya shigar da kalgo cikin littafinsa na sunayen tsirrai a Hausa. Amfaninsa kuwa sananne ne. Da ɓawonsa ake yin igiyar ɗaurin itace da darni, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani, lokacin da ciyawa ta ƙare. Ganyensa yana da tsami, shi ya sa akan dafa shi a yi amfani da ruwan wajen tuƙa tuwo a madadin tsamiya, don tuwon ya kwana bai lalace ba. Masu magani kuwa sukan bayar da ɓawon ko ganyen don tari da gudawa da wankin gyambo.

Sai dai abin da Bahaushe ke kira kalgo iri biyu ne a wurin masana tsirrai. Akwai Piliostigma reticulatum, mai ƙananan ganye marasa gashi, wanda ya fi son busasshiyar ƙasa. Akwai kuma Piliostigma thonningii, mai faɗin ganye da gashi-gashi ja a bayansa, wanda ya fi yawa inda damina ke da nauyi. Kudancin Kano mahaɗa ce: wanda ya taso daga Bebeji ya nufi dajin Falgore yana barin ƙasar na farko ne, yana shiga ta na biyu sannu a hankali.

A nan gizo ke saƙa. Ɗalibi zai yi hira da mai magani a Doguwa, ya ji “kalgo”, ya koma ɗakin karatu ya ɗauko sunan kimiyya na farko da ya gani ya liƙa. A ganina wannan sakaci ne, domin wanda zai gwada maganin a ɗakin bincike da wannan sunan zai yi aiki, ƙila kuma ya gwada tsiron da mai maganin bai taɓa nufi ba. Ya kamata mai tattara bayani ya bi mai maganin har gindin itacen, ya tsinko ganye da ɗa, ya rubuta ƙauyen da aka samo su, sannan ya tambaye shi ko shi ma yana bambanta su, kuma da wace kalma.