Lissafin Da Ya Hana Baba Barci A Sharaɗa

 Ina so in ba ku labarin wani darasi da na koya lokacin hutun da ya wuce, ba a cikin aji ba, a wata rumfa ta kwano da ke unguwar masana'antu ta Sharaɗa.

Mahaifina ya yi shekaru yana aiki a wata masaƙa a Bompai, watau unguwar masana'antu mafi daɗewa a Kano. Da aka rufe masaƙar sai ya haɗa ɗan abin da aka sallame shi da shi, ya sayar da wata gona tasa, ya sayi injin niƙa roba. Aikinsa shi ne ya sayi tsofaffin bokitai da butoci da jarkoki daga hannun 'yan gwangwan, a wanke, a niƙe, sa'an nan ya sayar wa kamfanonin da ke narka su suna yin sababbin kaya. Da wannan inji ake ci da mu, da shi kuma ake biyan kuɗin makarantata. Kullum Baba yakan ce ana samun riba, amma kuma kullum wata ya ƙare sai ka ga ya yi jugum.

To, yayana yana shekara ta biyu a Jami'ar Bayero, yana karatun akanta. An ba su aikin gida, aka ce kowa ya nemi wata ƙaramar sana'a ya tsara mata lissafinta na wata guda. Shi kuwa ya ce ba sai ya je nesa ba. Ni aka ba littafi da biro, na zama magatakarda.

Abu na farko da Yaya ya koya mini shi ne, kuɗin da sana'a ke ci iri biyu ne. Akwai wanda ke bin aiki: in an niƙa da yawa ya yi yawa, in ba a niƙa ba babu shi. Akwai kuma wanda ba ruwansa da aiki, ko inji ya kwana yana ruri ko ya yi wata a rufe, tilas a biya shi. Zan daidaita alƙaluman domin lissafin ya fito sarai. A kan kowane kilo, sayen roba Naira 300, man gas na janareta Naira 80, ladan masu wanki da dako Naira 40, asarar datti da ke zubewa wajen wanki Naira 30. Jimla Naira 450 ke nan. Ana sayar da kilo Naira 500. Saura Naira 50, kuma wannan hamsin ɗin ita Baba ke kira riba. Yaya ya ce a'a, ba ta zama riba ba tukuna, sai ta biya kuɗi iri na biyu: hayar rumfa Naira 60,000 a wata, albashin maigadi Naira 40,000.

A watan nan an niƙa kilo 2,400. In ka ninka da hamsin, Naira 120,000. Ka ɗebe 100,000 na haya da gadi, saura 20,000. Baba ya yi murmushi ya ce, "Ka gani ko? Kaɗan ce, amma riba ce."

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a gafarce ni, saura abu guda. Nawa aka sayi injin?"

Aka ce Naira miliyan 3. Ya ce, shekara nawa zai yi kafin ya mutu? Baba ya ce in an lallaɓa, biyar. Shekara biyar wata 60 ne. In ka raba miliyan 3 gida 60, kowane wata injin yana cin Naira 50,000 daga jikinsa, ko da yake ba wanda ya zo da takardar neman biya. Wannan shi ne ragin tsufa. Da aka sa shi cikin lissafi, kuɗin wata ya tashi 150,000, ribar nan ta 20,000 ta juye ta koma faɗuwar 30,000. Watau Baba uwar kuɗinsa yake ci sannu a hankali, ranar da injin ya tsaya kuma babu abin sayen wani. Ban taɓa ganin ya yi shiru irin na ran nan ba. Ni ma sai da gabana ya faɗi, don na san gona ce ta zama injin.

Sa'an nan Yaya ya raba 150,000 da hamsin, ya sami 3,000. Ya ce wannan shi ne matakin ba riba ba faɗuwa. Duk watan da aka niƙa ƙasa da kilo 3,000 an yi asara, abin da ya haura shi ne riba ta gaskiya.

Da muna komowa gida muka bi ta gaban waɗansu manyan kamfanoni da ciyawa ta cinye ƙofofinsu. Yaya ya ce lissafin nan na rumfarmu shi ne nasu, sai dai nasu da sifiri da yawa a baya. Masana'anta tana da gini da injuna da ma'aikatan dindindin da bashin banki. In wutar lantarki ta ƙi tsayawa ta yi aikin rabin yini, waɗannan duka ba su raguwa, in kuwa ta koma janareta kuɗin kowane yadi ko kowane bokiti ya hau. A shekarar 1986, zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki, darajar Naira ta faɗi, kayan gyaran injuna da sinadaran da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Daga baya kuma atamfa mai araha daga Sin ta cika Kantin Kwari, masaƙun gida ba su da halin ƙara farashi. Kuɗin yi ya hau, kuɗin sayarwa ya tsaya, hamsin ɗinsu ta narke. Majemun Challawa su labarinsu ya ɗan bambanta, domin fatar da suke jemewa waje ake kai yawancinta, ana biyansu da kuɗin ƙetare. Haka nan da aka saki Naira a watan Yuni na 2023 ta sake faɗuwa, don haka Yaya ya gargaɗi Baba cewa sabon inji ba zai samu a kan miliyan 3 ba, gara abin da za a riƙa ajiyewa ya fi 50,000.

Na tambaye shi ko duk karatun jami'a haka yake da daɗi. Ya yi dariya ya ce akwai wahala. Shekara huɗu ake yi, ana haɗa akanta da ilimin tsimi da tanadi da dokokin kasuwanci da haraji da ƙididdiga, wanda kuma yake son ya zama cikakken akanta sai ya ƙara da jarrabawar ƙungiyar ICAN, wadda aka kafa a 1965, ko ta ANAN. Tun daga nan sakandare ake share fage: sai da kiredit a Turanci da Lissafi da tsimi da tanadi. A nan zan roƙi 'yan ajinmu masu sulalewa in an kaɗa ƙararrawar Lissafi su sake tunani, don abin da ya tona asirin rumfarmu bai wuce tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa ba. Iyaye kuma ina roƙonku ku riƙa nuna mana littattafan sana'arku. Da yawa kuna ɓoyewa don kada mu damu, alhali kuwa mu ne za mu gaje su.

Baba ya kwana biyu bai ce kome ba. Rana ta uku ya buɗe asusu dabam saboda injin, ya hana a riƙa ɗibar kuɗin cefane daga akwatin rumfa ba tare da an rubuta ba, ya kuma yi magana da waɗansu 'yan gwangwan na wajen Challawa su riƙa kawo masa kaya. Yanzu kowace Asabar ni ke zuwa in cika littafi. Watan jiya an niƙa kilo 3,150, riba Naira 7,500. Baba ya sa na maimaita lissafin sau biyu a gabansa, sa'an nan ya ba ni kuɗin mota.